Alhamis ɗin da Na Karɓar wa Malam

Ni ce na fara ganin jinin. Da ta Malam ce, mijina ke nan, da har yau ba wanda ya ji labari.

Gidan da muke haya a unguwar Nima ta Accra ɗaki goma sha ɗaya ne, wurin wanka guda. Duk wanda ya zauna irin gidajenmu ya san wurin wankan nan shi ne kuma wurin kama ruwa, don ba mai takawa har banɗakin unguwa ya bi layi saboda fitsari kawai. Mu mata muke wanke shi, kowace da ranarta, tawa Talata. Wata Talata na shiga da tsintsiya da bokiti, sai na ga bakin kwata ya yi ja, har da ɗan gudan jini manne da siminti. Na kwara ruwa, na ja bakina na yi shiru. Washegari maƙwabciyata ta gani, ita kuwa Allah bai yi ta da shiru ba. Kafin azahar an yi shari'a an yanke hukunci a tsakar gida: wata amarya ce da suka tare kwanan nan, ita ce ba ta iya kintsa kanta ba in tana al'ada. Baiwar Allah ta yi ta rantsuwa har da hawaye, ba wadda ta saurare ta. A cikinmu ba wadda ta kawo wa ranta cewa namiji ma yana iya barin jini a wurin.

Ni kam na san mijina. Mutumin da tun da aka ɗaura mana aure ko hula bai taɓa wankewa ba, sai ga shi yana wanke wandonsa da kansa, yana rataye shi a ƙusa bayan ƙofa. Na bari ya gama cin abincin rana, na tura ƙofa na ce, "Malam, jinin nan naka ne?"

Ya daɗe yana sakace kafin ya amsa. "Tsargiya ce. A garinmu duk yaron da ya yi iyo a tafki sai ya yi ta. Ba zafi, ba komai. Yadda ta zo haka za ta tafi."

"Tsargiyar yarinta ce ta biyo ka har Accra bayan shekara hamsin? Lalle tana son ka."

Ya ce in bar shi ya huta. Na bar shi. Da yamma na cika kwano da abinci har da ƙwai biyu na kai wa amaryar nan, ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ni 'yar Nima ce, nan aka binne cibiyata. Fataucin goro ya kawo kakana, ya ga wuri ya zauna. Sana'ata wake da shinkafa, wanda duk garin nan ke kira waakye, kuma teburina yana bakin titin da ya nufi Maamobi tun 'ya'yana suna goye. Malam kuwa daga ƙasar Nijar ya zo yana saurayi, ya yi ta sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai har gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu aikinsa masallaci da majalisar shayi ta bakin lungu. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, biyun nan kuwa in suka haɗu a jikin namiji sai addu'a.

Akwai abu ɗaya da duk lungunmu ya san shi da shi. Motar da ta ɗauko shi daga arewa ta kife a hanya, ya fito ko ƙwarzane babu, to tun daga makon ya kama azumin Litinin da Alhamis. Ba bakance ya yi ba, godiya ce kawai. Amma shekara wajen arba'in bai sha ko ɗaya ba, sai in ranar ta faɗo a salla. In ka wuce majalisa ka ga ana zuba shayi an tsallake Malam, ba sai ka duba kalanda ba. Allah ya yafe mana, yana jin daɗin a sani. Yakan ce, "Ɗakin nan bai taɓa wayar garin Alhamis babu mai azumi a cikinsa ba." Ni da nake ɗakin nakan ce masa, "Allah ya karɓa, ka sa mu a ciki."

Jinin ya ɗauke kamar yadda ya ce, ya yi ta yi mini dariya. Bayan wata biyu ya dawo. Wata rana da la'asar fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, Malam yana gumi yana salati. Ba shawara muka tsaya yi ba, tasi aka tsayar.

A asibiti ni ce tafinta. Malam ya shekara nawa a ƙasar nan amma yaren Twi ɗinsa bai wuce na ciniki ba, Turanci kuwa ya ce ba da shi ba. Ni ce mai Twi, mai Ga, mai Turancin kasuwa. 'Ya'yanmu duk sun yi boko, amma wannan ba maganar da uba zai yi gaban 'ya'yansa ba ce. Likitan da aka haɗa mu da shi wani dogo ne mai fara'a, ya taɓa aiki a arewa, ya iya "sannu Baba" da "ina gajiya", daga nan Hausarsa ta ƙare. Ya tambaya ko Malam ya yi tsargiya yana yaro. E. Ya tambaya ko ya taɓa shan taba. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji Malam a hankali yana cewa, "Ki ce masa shekara goma sha, a bayan shago." Tabɗi! A gaban baƙo na ji abin da ban ji a ɗakina ba. Na fassara, na ajiye maganar a gefe har mu koma gida.

Aka yi hoton ciki, aka ga wani abu. Sai aka ce dole a leƙa. Leƙen nan shi ne tushen duk labarin. Wani siririn bututu ne mai kyamara da fitila a kansa, ana zura shi ta hanyar da fitsari ke fitowa har cikin mafitsara, mutum yana kwance ido biyu, likita yana kallo a talabijin. Suka ga tsiro a jikin mafitsarar. Bayan kwana kaɗan suka sa masa barci suka kankare shi, suka aika gwaji. Da sakamako ya fito likita ya zaunar da mu ya ce kansa ce, kansar mafitsara. Kafin in gama innalillahi ya ɗaga hannu ya ce in saurara: a sama-sama take, ba ta ci cikin naman mafitsarar ba, an kuma cire ta. Sai dai irin wannan tana da halin dawowa, kamar ciyawar bakin kwata. Saboda haka duk wata uku sai an leƙa. In an kama ta tana ƙarama, aiki kaɗan ne. In aka bar ta ta yi saiwa, magana ta canza.

Ya ƙara da cewa ɗakin leƙen ranar Alhamis yake samunsa. Ranar kuma Baba zai sha ruwa sosai kafin a shiga, don ana son sabon fitsari na gwaji, bayan an fito ma ya yi ta sha don ya wanke hanya. Na fassara.

Ban manta fitowarsa daga leƙen farko ba. Bai dubi kowa ba, hularsa ma a hannu ya riƙe ta. Sai da muka fita ƙofar asibiti ya ce, "Ko gawa ana suturta ta." Ba zafin ne ya dame shi ba, sun sa maganin kashe zafi. Kwanciyar ce, a buɗe, gaban yaran da ya haifi kamarsu.

Ya warke sarai, har ƙiba ya yi. Sai wata rana ya shigo daga majalisa da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Abokinsa tela ya kunna musu wani saƙon murya a waya, irin waɗanda ake turawa daga hannu zuwa hannu ba a san mafarinsu ba. Wai masu bincike sun gano yadda za a gane ciwon mafitsara daga fitsari kawai. Ka cika 'yar kwalba ka miƙa, shi ke nan, ba bututu ba kwanciya.

"Kin ji ko? Allah ya kawo sauƙi."

"A bakin tela?"

"Telan ne ya ƙirƙira? Ki tambayi likitanki."

Muna da ranar komawa a duba lafiyar aikin, wata Talata. Na tambaya. Na zaci likita zai yi tsaki, sai na ga ya gyara zama kamar an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. A ƙasashe da yawa ana ta wannan neman, domin tsiron yana zubar da ɓurɓushinsa cikin fitsari, ana so a iya kama sawunsa tun ido bai gan shi ba. Wasu gwaje-gwajen ma sun fito, ana amfani da su a wasu wurare a matsayin ƙari. Amma wani lokaci sukan tsallake ƙaramin tsiro su ce lafiya lau, wani lokaci kuma su ta da hankalin mutum alhali ba komai. Ya ce ana kuma gyara leƙen kansa: bututu yana ƙara siranta da laushi, akwai wani haske shuɗi da ke sa tsiro ya fito fili, ana ma koya wa kwamfuta ta taya likita duba hoton. Ya rufe da cewa, "Suna hanya, Mama, amma ba su iso ba. Yau dai ido ne."

A nan na yi kuskurena, in kuskure ne. Malam ba ya jin ko kalma. Da na juya na ce masa, "Ya ce ƙaryar tela ce," da an wuce wurin. Wallahi shaiɗan ya raɗa mini haka. Amma tafinta amana ce, kuma ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya a kan abin da ya shafi jikinsa ba. Na kwashe duka na gaya masa, har shuɗin hasken. Cikin duk bayanin nan kalma biyu ya tsinta ya sa a aljihu.

"Suna hanya," in ji shi a cikin trotro, motar hayar da muka shiga zuwa gida. "To ai sai mu jira su iso."

Alhamis ɗin leƙe ta zo. Na shirya, na yafa mayafi, na same shi zaune da carbi.

"Malam, tashi mu tafi."

"Ina azumi."

"Ka san yau ce."

"Na san yau Alhamis ce. Wancan karon ina kwance, mara lafiya ba shi da azumi. Yau lafiyata lau. Da wace hujja zan sha?"

Na yi faɗa har maƙwabciyata ta rage sautin rediyonta don ta ji da kyau. Bai motsa ba. Na je asibiti ni kaɗai na roƙi wata rana, na tambaya ko za a samu Laraba ko Juma'a. Babu, ɗaki ɗaya ne, likitoci da yawa ke rabonsa. Aka ba mu wata Alhamis ɗin, ita ma ta wuce haka. Na kai ƙara wurin limamin masallacinmu, ya kira shi ya ce jiki ma amana ne, nafila ba ta hana neman magani. Malam ya saurara da ladabi, ya dawo ya ce mini littafin da liman ya karanta shi ma ya karanta. 'Ya'ya suka yi ta bugo waya, yana ce musu, "Uwarku ce da ruruta abu."

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Ina tsaye a teburina ina zuba wa mutane abinci, ina raha da direbobi, zuciyata kuwa tana kan wani abu da ba na gani, da ƙila yana tsirowa a cikin mutumin da na kwana na tashi da shi tun ina budurwa. Wata uku ya zama biyar. Duk wayar gari sai in dube shi in ce, ko yau ne ya yi saiwa?

Da farko na ɗauka azumin mafaka ce kawai, kunyar bututu ce ta ɓuya a bayansa. Haka ne, amma ba duka ba. Wata Alhamis na lura da shi lokacin shan ruwa, yadda ya ɗaga kofi ya rufe ido. Mutumin nan ya rasa shago, ya rasa gwiwa, an kwantar da shi an buɗe shi gaban yara. Abin da ya rage masa wanda bai taɓa tsinkewa ba shi ne wannan. Ni kuwa ina ta jan sa da ƙarfi in tsinka.

Ranar Laraba kafin rana ta uku da aka ba mu, ina zaune bakin ƙofa da yamma ina tsintar wake, shi yana kan tabarma. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi.

"Malam, gobe ni zan yi azumin."

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Ke da ko na watan Ramadan tun hantsi kike tambayar ƙarfe nawa?"

"Ni ɗin."

"Ba a yi wa mai rai azumi, mai wake. Wannan ko ɗan makarantar allo ya sani."

"Wa ya ce naka ne? Nawa ne, ladana ne, ko kaɗan ba zan sam maka ba. Amma kai ka ce ɗakin nan bai taɓa wayar garin Alhamis babu mai azumi ba. To gobe ma akwai. Ni ba 'yar ɗakin ba ce?"

Sai na ajiye faifan wake, na gyara ɗankwali, na ce, "Mace ba ta azumin nafila mijinta yana gari sai da izininsa. Kai ka koya mini. Ina neman izini."

Na ga abin ya shige shi. In ya hana, ya hana baiwar Allah ibadar da shekara da shekaru yake mata gori a kanta. In ya bari, ya san abin da ya amsa. Ya juya carbinsa ya fi sau nawa, ya dubi rufin kwano, ya dube ni.

"Kin ɗaure ni."

"Izini nake jira."

"Na ba ki," ya ce. "Allah ya sa ki kai azahar."

Ban san wahalar da na saya ba sai da na tsaya kan tukunya. Shekara talatin ina dafa waakye, ban taɓa auna gishiri da cokali ba, harshena ne ma'auni. Ranar na zuba da ka, na soya shito, miyar barkonon da ake ci da shi, ina kawar da hanci, na dafa ganda da taliya yawu yana taruwa. Na bar wa ƙanwata teburin muka kama hanya. Da na dawo ta ce wani makanike ya tambaya ko gishiri ya yi tafiya ne.

A asibiti na sayi babbar gorar ruwa na miƙa masa. Ya karɓa kamar an ba shi kayan sata. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ko akwai ɗan Nima a layin, sannan ya juya ya fuskanci bango ya yi bisimilla. Na tsaya a kansa, maƙogwarona a bushe, ina cewa, "Ƙara. Shanye." Ya ce, "Ke da Allah, mai azumi ba ya yawan magana." Wata tsohuwa 'yar Ga da ke kusa da mu ba ta ji me muka ce ba, amma ta yi ta dariya.

Ya ba da fitsarin, aka kira shi ya shiga. Na zauna a benci ina ja masa duk addu'ar da na iya. Da ya fito hular tana kansa. Likita ya leƙo ya ɗaga mini babban yatsa: fes, ba komai. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in tambaye shi, mutanen nan sun iso? Likita ya yi dariya ya ce da Hausarsa ta aro, "Suna hanya, Baba." Daga ranar wannan ta zama gaisuwarsu.

Na kai magariba, ban mutu ba. Washegari Malam ya koma majalisa, kuma ban ji ya gaya wa kowa ya sha Alhamis ba. Da aka tambaya ina ya shiga jiya, cewa ya yi, "Hajiya na raka, tana azumi."

Haka muka ci gaba, duk wata uku, ni da azumi, shi da gorar ruwa. Kuma in faɗi gaskiya, na zo ina son ranakun nan. Tun da muka yi aure ba mu taɓa fita mu biyu ba, in ba suna ko jana'iza ba, can ma maza daban mata daban. Yanzu ga mu a kujera ɗaya a trotro, kafaɗa da kafaɗa, yana nuna mini inda shagon wane yake a da, inda ya fara kwana da ya zo garin. In mun sauka iskar teku tana kaɗo mu. A layi muka saba da wasu masu irin ciwon, har Malam ya zama mai ba sababbi haƙuri, ni ina fassara. Wani dattijo yana rawar jiki ranar leƙensa na farko, Malam ya dafa shi ya ce, "Ki gaya masa ya dubi silin ya yi ta ambaton Allahnsa, kafin ya kai ɗari an gama." Wai Malam ne wannan! Masu cin abincina ma suka gane. In suka ga ƙanwata a tebur sai su ce a ƙara musu shito, yau Hajiya ta yi girkin makafi.

Tela bai daina kawo labari ba. Yau an ce na'ura, gobe an ce wani sabon gwaji. Malam yakan kwaso ya kawo mini, in kai wa likita, shi kuma ya tace mana: wannan gaskiya ne amma da saura, wancan ko shi bai taɓa ji ba. Ni da ko aji shida ban gama ba, sai ga ni ina yi wa matan gidanmu bayanin abin da masu bincike ke nema a cikin fitsari, ina ce musu duk wanda ya ga jini, mace ko namiji, da zafi ko ba zafi, ya tafi a duba.

A leƙe na biyar ne ya daɗe bai fito ba. Na ƙirga mutum biyu da suka shiga wani ɗakin bayansa sun fito. Sai nas ta leƙo ta ce likita yana kirana. Na shiga na tarar Malam ya riga ya sa kayansa yana zaune, likita ya tsayar da hoto a talabijin ɗin. Ya nuna mini da bakin biro. Wani ɗan abu ne a jikin jan bango, bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ce ya dawo, amma yanzu ya tsiro, ko tsayuwa bai gama yi ba. Ya ce gwajin fitsarin da ya gabata bai nuna komai ba, kuma da wuya na yau ma ya nuna, don irin wannan ƙaramin ido ne kawai ke kama shi. Mako mai zuwa za a cire, kwana ɗaya a sallame mu.

Na fassara wa Malam kalma da kalma. Ranar bai tambaya ko sun iso ba.

An cire shi kamar yadda aka ce. Yau shekara uku ke nan ba a sake ganin komai ba, an ma rage mana zuwa. Yanzu haka da nake wannan rubutu ina jin muryarsa a bakin lungu yana musu da tela. Amma komowarmu gida ranar leƙen nan na biyar ce ba ta barin raina.

Mun makara a asibiti wajen karɓar takardu, muka faɗa cunkoson yamma. Trotro ta cika maƙil, ga zafi, ga hayaƙi, ni kuma tun asuba ko ɗigo bai shiga bakina ba, ga abin da na gani a talabijin yana yi mini yawo a ido. Malam yana zaune a karkace saboda raɗaɗi. Muna gab da shiga Nima, mota ko motsi ba ta yi, sai kiran salla ya tashi, masallaci yana karɓa daga masallaci. Ban ma lura ba. Sai na ga ya miƙa hannu ta taga ya kira wata mata mai ruwan leda a ka. Ya karɓi ɗaya mai sanyi, ya goge shi da hannun rigarsa, ya ciji gefen ya huda, ya kai mini har baki. A cikin mota, gaban mutane, mutumin da ko hannuna bai taɓa riƙewa a waje ba.

"Yi bisimilla."

Na kasa. Hawaye ne suka zo mini, na tsoro da na daɗi a haɗe, ban san wanne ya fi yawa ba. Ya matso da kansa kusa da kunnena.

"Da na tsaya jiransu, Hajiya, da ke kaɗai za ki riƙa yin Alhamis ɗin nan a ɗakin."

Na dube shi, shi kuwa ya kawar da ido ya dubi titi.

"Sha mana," ya ce. "Ruwan yana zuba."